Wa Ke da Fuska a Tsofaffin Katun?

Duk wanda ya tashi yana kallon Tom and Jerry ya san matar nan. Ba ka ganin komai nata sai daga ƙirji zuwa ƙasa: ƙafafu masu kauri, safa da ta zamo, silifas, rigar aiki, hannu riƙe da tsintsiya. Ita ce ke shigowa da faɗa in kyanwa da ɓera sun hargitsa gida, ita ce kuma ke ɗarewa kan kujera tana kururuwa in ɓera ya gilma. Ta fara fitowa a 1940, a fim na farko na jerin, aka ci gaba da zana ta har 1952. Muryarta ta wata 'yar wasa ce baƙar fata mai suna Lillian Randolph. A duk tsawon shekarun nan, da ƙyar aka taɓa nuna fuskarta. Kyanwa na da fuska, ɓera na da fuska, karen da ke kwance a tsakar gida ma na da tasa, har kana iya karanta fushi da tsoro da kunya a kansu. Ita da take mutum, ita aka yanke wa kai.

Masu kare waɗannan fina-finai suna cewa daga tsayin kyanwa da ɓera ake kallon duniyar, shi ya sa ba a kaiwa ga fuskar mutum. Akwai gaskiya a nan, ba na musu. Amma yanke kan ba shi kaɗai ne abin dubawa ba. Jikin da aka ba ta, da karyayyen Turancin da aka sa mata a baki, da yadda aka mai da tsoronta abin dariya, ba William Hanna da Joseph Barbera, masu ƙirƙirar katun ɗin, ne suka ƙago su ba. Tsohuwar siffa ce da Amurkawa suka daɗe da sani: baƙar 'yar aiki mai ƙiba, mai yawan faɗa, wadda duk rayuwarta ta ƙare a hidimar gidan wasu. Ƙungiyar NAACP, mai fafutukar haƙƙin baƙaƙen Amurka, ta yi ƙorafi a kanta tun a wancan zamanin. Da aka zo saka fina-finan a talabijin a shekarun 1960, sai aka sake zana ta a wasu daga ciki ta koma farar mace, aka kuma canza mata murya.

Akwai wani abin da ya fi wannan yawan fitowa, kuma yara sun fi yi masa dariya. Nakiya ta fashe a fuskar kyanwa, hayaƙi ya turnuƙe, ya washe. Sai ga fuska baƙa ƙirin, idanu farare sun firfito, leɓɓa sun kumbura sun yi ja, gashi ya koma 'yan tukkaye da aka ɗaure da ƙyalle. Daƙiƙa biyu ko uku ne, an wuce. Yaro a Kano ko Maraɗi ya kwashe da dariya, bai san cewa fuskar da ake nufi tasa ce ba. Wannan barkwanci ya fito ne daga wasannin dandamali da suka bunƙasa a Amurka tun wajen 1830, inda farare ke shafa baƙi a fuska su hau dandamali suna kwaikwayon bayi a matsayin wawaye, malalata, masu son rawa da barci. Wani mai suna Thomas Rice ya shahara da wasan wani gurgun bawa da ya kira Jim Crow, kuma wannan sunan ne daga baya ya bi dokokin wariyar launin fata na kudancin Amurka, waɗanda suka raba makaranta da asibiti da motar haya, har famfon shan ruwa. Masu zanen katun na farko a cikin wannan al'ada suka girma, da ita suka shiga ɗakin zane.

Ra'ayina a kan waɗannan fina-finai bai yi daidai da na masu cewa a ƙone su ba, bai kuma yi daidai da na masu cewa ai wasan yara ne kawai ba. Ina ganin ya kamata a adana su yadda aka yi su, ba tare da an goge komai ba, amma a daina miƙa wa ƙaramin yaro su shi kaɗai kamar ana miƙa masa alewa. Kuma abin da ya fi damuna a cikinsu ba wurin nan ɗaya ko biyu masu muni ba ne da kowa ke nunawa. Rabon matsayi ne: wa aka ba suna da uwa da buri da hawaye, wa kuma aka ajiye a gefe don ya ba da dariya, ko ya ba da tsoro, ko ya cika fili.

A ɗauki Dumbo na kamfanin Disney, na 1941, labarin ɗan giwa mai manyan kunnuwa da aka raba da uwarsa. Mutane sun fi magana a kan hankakin nan masu sigari da huluna, masu magana da salon da farare ke kwaikwayon baƙaƙe da shi. Shugabansu, a takardun aikin fim ɗin, sunansa Jim Crow, kuma farar fata ne ya yi muryarsa, Cliff Edwards. Sauran muryoyin na 'yan wasa da mawaƙa ne baƙaƙe. In za a yi adalci, hankakin nan su ne suka tausaya wa ɗan giwar bayan sun yi masa ba'a, su ne suka ƙarfafa masa gwiwa har ya tashi sama, shi ya sa ake samun masu kare su har cikin baƙaƙen Amurka. Ni wurin da ya fi tsaya mini a rai yana can farkon fim ɗin. Jirgin ƙasa ya tsaya cikin dare, ruwa na zuba, leburori sun fito kafa babbar rumfar wasa. Dukkansu baƙaƙe ne, ƙarti, suna buga turaku da guduma kafaɗa da kafaɗa da giwaye. Babu ɗaya da aka zana wa ido ko hanci ko baki. Waƙar da aka sa musu tana cewa ba su taɓa koyon karatu ko rubutu ba, suna murna da aikinsu, kuma da zarar an biya su sai su watsar da kuɗin. Fim ne da ya iya sa ka zubar da hawaye saboda giwa ta miƙo hanci ta tagar keji tana rarrashin ɗanta. Masu zanen da suka iya wannan ba gazawa ce ta hana su zana fuskar lebura ba. Ba su ga bukatar hakan ba ne.

Shekara guda kafin nan, a Fantasia na 1940, an zana wasu halittu rabi mace rabi doki. Farare daga cikinsu suna kwalliya suna jiran samari, wata 'yar ƙarama baƙa kuma, rabi jaki, tana durƙushe tana goge musu kofato. Tun 1969 kamfanin ya cire ta daga duk kwafin da yake fitarwa. A Peter Pan na 1953, 'yan asalin ƙasar Amurka ne aka yi wa: jajayen fuskoki, magana guntu-guntu, da waƙa sukutum da ke tambayar abin da ya sa fatarsu ta yi ja. A Lady and the Tramp na 1955 da The Aristocats na 1970, mutanen gabashin Asiya ne aka mai da kyanwoyi masu tsukakkun idanu da haƙora a waje, ɗaya har tana kaɗa fiyano da sandunan cin abinci. Ba sai na tsaya a kan kowanne ba, gatari ɗaya ne ya sassaƙa su.

Wanda ya cancanci a tsaya a kansa shi ne Song of the South na 1946, domin ya taɓa mu ta wata hanya da ba kowa ya lura ba. Fim ne da ya haɗa mutane na gaske da zane, an gina shi a kan labaran da Joel Chandler Harris, wani ɗan jarida farar fata, ya tattara daga bakin baƙaƙen gonakin Jojiya ya buga tun 1880. Labaran na wani zomo ne mai wayo da ke kuɓucewa manyan dabbobi da dabara. Mafi shahara a ciki shi ne na mutum-mutumin kwalta: zomo ya gaishe shi bai amsa ba, ya kai masa mari hannu ya manne, ya kai shuri ƙafa ta manne. Wanda aka yi wa tatsuniya da daddare ya riga ya gane. Gizo ne da budurwar danƙo. Mutanen Akan na Ghana ma suna da irinta da nasu gizon, Ananse. Irin waɗannan tatsuniyoyi sun tsallaka teku a ƙwaƙwalwar mutanen da aka ɗaure da sarƙa, kuma a can sun ɗauki wata ma'ana mai nauyi: mara ƙarfi yana koya wa 'ya'yansa yadda ake tsira a hannun mai ƙarfi. Fim ɗin ya ɗauki wannan gado ya sa shi a bakin wani dattijo mai fara'a da ke zaune a bukka a gonar farare, ba shi da abin da ya fi so kamar ya faranta wa jikan masu gonar rai, ma'aikata kuma suna dawowa daga gona suna rera waƙa cikin nishaɗi.

James Baskett ne ya fito a matsayin dattijon, kuma ya yi wasa na gwani, har aka ba shi kyautar Oscar ta girmamawa a 1948, baƙar fata namiji na farko da ya samu. Amma ranar da aka buɗe fim ɗin a birnin Atlanta bai halarta ba, domin dokokin birnin ba su yarda baƙi da farare su zauna wuri ɗaya ba. Wannan kaɗai ya isa amsa ga masu cewa kada a auna jiya da mudun yau. Ba mu ne muka fara gano laifin ba. A shekarar da fim ɗin ya fito baƙaƙen Amurka suka yi zanga-zanga a ƙofar gidajen sinima, NAACP ta fitar da sanarwar cewa yana ƙawata zaman bayi da iyayengijinsu. Mutanen wancan zamanin sun gani, sun faɗa, ba a saurare su ba ne. In aka ce haka kowa ke tunani a lokacin, to an sake cire su daga cikin kowa.

Kada a ɗauka abin ya tsaya a zamanin kakanni. Aladdin na Disney ya fito a 1992, kuma da yawa daga iyayen yau sun kalle shi suna yara. Labarin ba baƙo ba ne ga wanda ya san Dare Dubu da Ɗaya, ko da yake wani Bafaranshe ne, Antoine Galland, ya shigar da shi cikin tarin bayan ya ji shi daga bakin Hanna Diyab, mutumin Halab ta Siriya, a 1709. Waƙar buɗe fim ɗin ta kwatanta ƙasar Larabawa da wurin da ake yanke maka kunne in ba a son fuskarka, ta ƙara da cewa dabbanci ne amma gida ne. Ƙungiyar Larabawan Amurka mai yaƙi da nuna bambanci ta tashi tsaye, kamfanin ya canza baitin yanke kunne a kaset ɗin da ya fitar a 1993, ya bar na dabbancin. Sai dai ko da an cire waƙar gaba ɗaya, zanen ya riga ya yi magana. Aladdin da gimbiya Jasmine fatarsu ta fi haske, hancinsu ɗan daidai, Turancinsu na samari da 'yan matan Amurka, kuma masu zanen ba su ɓoye cewa sun dubi ɗan wasan Amurka farar fata Tom Cruise wajen fitar da fuskar jarumin ba. Dogarai da 'yan kasuwa kuwa ga gemu, ga ƙaton hanci, ga rawani, ga harshe mai nauyi. Gimbiya ta ɗauki tuffa ɗaya ta miƙa wa yaro mai jin yunwa, mai kayan ya damƙe hannunta ya zare takobi zai sare shi a tsakiyar kasuwa. Yaron da mahaifinsa ke da gemu yake naɗa rawani ranar Juma'a, wane ɓangare na allon ya yi kama da gidansu? Marigayi Jack Shaheen, wani masani Ba'amurke, ya bi diddigin fina-finan Amurka fiye da 900 da Larabawa suka fito a ciki, ya buga littafi a 2001, kuma abin da ya tarar shi ne wannan siffa tana ta maimaita kanta tun zamanin fina-finan da ba su da sauti.

Mu 'yan Afirka kuma, da zamani ya ci gaba aka daina zana mu da ƙashi a hanci da tukunyar dafa Bature, sai aka samo wata mafita: aka kwashe mu gaba ɗaya. The Lion King na 1994 yana da kyau, ban ƙi ba. Masu zanensa sun je Kenya sun ga ƙasar da idonsu, muryar mawaƙi Lebo M na Afirka ta Kudu ce ke buɗe shi da harshen Zulu, sunayen Simba da Rafiki na Swahili ne. Amma babu mutum ko ɗaya a ciki. Za a ce labarin dabbobi ne, to madalla. Tarzan na 1999 fa? Akwai mutane a cikinsa, a dajin Afirka, kuma dukkansu Turawa ne. Kamfanin ya san tsofaffin labaran Tarzan cike suke da cin mutuncin baƙaƙe, sai ya ga hanya mafi sauƙi ita ce nahiyar ta zama ta gwaggon biri da damisa. Sai a 2009, shekara 72 bayan Snow White, gimbiyar Disney ta farko, aka samu gimbiya baƙar fata ta farko, Tiana, ita ma mafi yawan fim ɗin a siffar kwaɗo ta yi shi.

Na san abin da wasu za su ce, domin ana faɗa mini: mu ma mun kalla, ga mu nan lafiya lau. Ban ce katun ɗaya zai lalata yaro ba. Amma yaro ba ya kallon fim sau ɗaya. Yana maimaita shi har ya haddace, a shekarun da bai iya raba abin da aka nuna masa da yadda duniya take ba. A shekarun 1940, masana halayyar ɗan Adam biyu, Kenneth da Mamie Clark, miji da mata, sun riƙa ajiye 'yartsana fara da baƙa a gaban yara baƙaƙe suna tambayarsu wacce ce mai kyau, wacce ce mummuna, wacce ta yi kama da su. Yawancin yaran suka zaɓi farar. Wasu da aka zo tambayar ƙarshe sai suka fashe da kuka. Kotun ƙolin Amurka ta yi la'akari da irin wannan bincike a hukuncinta na 1954 da ya haramta raba makarantu. Ba katun ne kaɗai ya koya wa yaran nan raina kansu ba, duk abin da ke kewaye da su ne, amma katun na cikin kewayen. Mu ma da muke cewa lafiya lau, sai mu dubi yadda man bilicin ke tafiya a kasuwanninmu, da yadda ake yabon jaririya da cewa fara ce tas kamar an faɗi wani halin kirki nata. Dalilan wannan suna da yawa, wasu sun girmi sinima, amma ban yarda cewa allon da muka girma a gabansa ba shi da hannu ba.

Kamfanonin da suka mallaki fina-finan sun gwada hanyoyi daban-daban, kuma hanyar da na fi ƙi ita ce ta gogewa a ɓoye. Tun 1968 aka janye gajerun katun 11 na kamfanin Warner daga talabijin saboda muninsu. Song of the South bai sake shiga sinima a Amurka ba tun 1986, ba a taɓa sayar da shi a kaset a can ba, ba ya kuma kan Disney+, manhajar kallon fina-finan kamfanin Disney. Sakamakon shi ne sabon tashi zai iya rantsuwa ba a taɓa yin irin wannan ba, kamfani kuma ya fita da tufafinsa fes. Goge baƙar 'yar nan mai rabin jaki ta Fantasia bai amfani wata yarinya baƙa da aka yi wa dariya a 1940 ba, kamfanin ya amfana. Hanyar da ta fi ita ce wadda Warner ya bi a faya-fayen da ya fitar wajen 2005, inda 'yar wasa baƙar fata Whoopi Goldberg ke fitowa kafin katun ya fara ta yi bayani cewa waɗannan siffofi kuskure ne a da, kuskure ne a yanzu, amma cire su daidai yake da cewa ba a taɓa yi ba. Disney+ ya fara da ɗan gajeren gargaɗi a 2019, ya ƙarfafa shi a 2020, ya cire Dumbo da Peter Pan da The Aristocats daga sashen ƙananan yara a 2021, sannan a 2025, da iskar siyasar Amurka ta juya, ya sake taƙaita gargaɗin. Wannan kai-komo ya nuna mini cewa lamirin kamfani yana bin kasuwa ne, kuma mahaifin da ya jingina tarbiyyar ɗansa da shi zai sha mamaki.

Balle ma mu, gargaɗin bai taɓa isowa gare mu ba. Katun yana shigowa gidajenmu ne ta wurin masu turin fina-finai a bakin kasuwa, a cika memori da su a kan 'yan kuɗi kaɗan, ko ta YouTube, ko ta tashoshin tauraron ɗan Adam. Kwafin da ke yawo sau da yawa tsoho ne, ba a taɓa shi ba. Ko da gargaɗin na nan, rubutu ne da Turanci na 'yan daƙiƙu a gaban ɗan shekara biyar, kamar ƙa'idar shan magani ce a jikin kwalba a hannun wanda bai iya karatu ba. Uwa tana girki, ta miƙa wa yaro waya don ya bar ta ta sarara, ta leƙa ta ga kyanwa da ɓera ne, hankalinta ya kwanta. Ba na zarginta, aiki ya yi mata yawa. Amma ina lura da cewa tacewar da muke yi ta ido ɗaya ce. Muna sa ido sosai a kan tsiraici da sumba, kuma ya kamata. Raini kuwa yana wucewa ta gabanmu ba mu ko ɗaga kai ba.

Kirikou ya nuna wannan ƙarara. Fim ne na 1998, na Michel Ocelot, Bafaranshen da ya yi ƙuruciyarsa a Gini, Youssou N'Dour ya yi kiɗansa, aka ɗauki muryoyinsa a Dakar. Jaruminsa jariri ne baƙi, mai kaifin basira, wanda maimakon ya kashe mayyar da ta addabi ƙauyensu sai ya nemi sanin abin da ya sa ta zama muguwa, ya gano ƙaya ce aka kafa mata a gadon baya. Uwarsa mai natsuwa ce, kakansa mai hikima. Amma matan ƙauyen ba su rufe ƙirji ba, kuma saboda haka gidaje da yawa a wurinmu ba za su bari a kalla ba, kamar yadda masu rarraba fina-finai a Amurka da Ingila su ma suka yi ta jan ƙafa a kansa. Na fahimci mahaifin da ya kashe fim ɗin, haƙƙinsa ne. Abin da nake roƙo shi ne wannan idon da ya ga ƙirji a buɗe ya kuma ga leɓen da aka kumbura don a yi dariya. In yaro zai kalli tsohon katun, babba ya zauna kusa, ya tsayar da shi a wurin, ya tambaya: “Wa kake gani aka zana nan? Haka Baffa yake? Haka mutanen unguwarmu suke?” Ɗan shekara bakwai yana gane rashin adalci da wuri fiye da yadda muke zato, in dai an nuna masa inda zai duba.

Laifi tudu ne. Kafin mu gama da Amurkawa, mu dubi abin da muke ba yaranmu su yi wa dariya da harshenmu. Bafulatanin daji da bai san komai ba sai saniya, Bagwari mai karyayyar Hausa, Bamaguje, Inyamiri mai son kuɗi, ɗan ƙauyen da ya shigo birni yana tsoron fanka, mai ƙaramin jiki ko mai in'ina da aka kawo don halittarsa kaɗai ta ba da dariya. A fina-finanmu sau nawa jarumar da ake so take baƙa, 'yar aikin gidan kuma fara? Muna da wasan barkwanci na taubasantaka tsakanin ƙabilu da garuruwa, kuma abu ne mai kyau, amma sharaɗinsa shi ne kowa na da bakin ramawa. A allo ɗaya ne ke riƙe da kyamara. Ɗan Bagwarin da ke aji ɗaya da 'ya'yanmu, wanda gobe za a kira shi da sunan wancan ɗan wasan a filin makaranta, ba a ba shi damar ramawa ba.

Shi ya sa ban cika ɗokin sabon salon kamfanonin waje na canza wa tsohon jarumi launin fata a ce an yi gyara ba. Ya fi babu, kuma na ga yadda yarinya ke murna in ta ga mai irin gashinta a allo, ba zan raina wannan ba. Amma gyaran gaske yana zuwa ne lokacin da masu labarin suka shiga ɗakin da ake yanke shawara. A Moana na 2016 an kafa kwamitin mutanen tsibiran Pasifik da ke duba komai, daga jirgin ruwa zuwa zanen jiki. A Coco na 2017, sai da 'yan Meziko suka yi ca a kan kamfanin Disney saboda ya nemi mallakar sunan bikinsu na tunawa da matattu a 2013, ya janye, sannan ya ɗauki wasu daga masu sukar a matsayin mashawarta. Iwájú na 2024, wanda ke faruwa a Legas ta nan gaba, samarin kamfanin Kugali ne suka ƙirƙiro shi, Disney ya zo ya haɗa hannu da su. A Abuja, Adamu Waziri ya fara Bino and Fino tun wajen 2010 saboda ya ga yaran Najeriya ba su da katun da ke nuna gida irin nasu.

Kuma ba yau muka fara ba. Moustapha Alassane, ɗan Nijar da aka haifa a 1942, yana cikin waɗanda suka fara yin zane mai motsi a Afirka ta kudu da Sahara. A 1966 ya yi Bon Voyage Sim, 'yan mintuna kaɗan, inda shugaban ƙasar kwaɗi ke tafiya ziyarar aiki da duk wani bikin tarba da faretin da muka sani. A 1977 ya yi Samba le Grand da 'yartsana. Ya zauna a Tawa shekaru masu yawa yana aiki da kayan da ya harhaɗa da hannunsa, yana koya wa matasa, har ya rasu a 2015. An nuna ayyukansa a Faris da New York. Yaran Tawa da Zinder da Katsina kuwa sun haddace kyanwa da ɓeran 1940, yawancinsu ba su taɓa jin sunansa ba. Gidajen talabijin namu na gwamnati da masu zaman kansu, a Najeriya da Nijar, suna da sa'o'in yara da suke cikawa da duk abin da ya zo hannu kyauta. Su nemo fina-finan Alassane su saka. Su ware kuɗi, ko kaɗan ne, su ba matasan da ke koyon zane a kwamfuta a Kano da Kaduna da Yamai aikin fitar da Gizo da Ƙoƙi na minti biyar-biyar, da muryoyin yaranmu, kuma in Bafulatani ko Bagwari zai fito a ciki, a kira Bafulatani da Bagwari su zauna a teburin rubutun.